Yadda ake tsara harajin lemun kwalba don ya rage sukari da gaske

Kafin a rubuta doka, a fara tantance abin da za a ɗora wa harajin: farashi, yawan lita, ko yawan sukarin da ke ciki. Na ukun ya fi amfani, domin shi ne ke sa kamfani ya sake haɗin abin shansa. Mekziko ta sa peso 1 a kan kowace lita a 2014, saye ya ragu, amma lemu mai sukari kaɗan da mai sukari jingim kuɗi ɗaya suke biya, don haka babu abin da zai ja masana'anta ta rage.

Birtaniya ta kasa nata mataki-mataki. Abin shan da bai kai giram 5 na sukari a mililita 100 ba, ba ya biyan komai. Lokacin da tsarin ya fara aiki, daga giram 5 zuwa ƙasa da 8, fene 18 a lita (fene 100 ke yin fam ɗaya). Daga 8 zuwa sama, fene 24. An sanar da tsarin a 2016, bai fara aiki ba sai Afrilun 2018. Wannan tazara ta shekara biyu ita ce ƙashin bayan abin, domin a cikinta kamfanoni da dama suka rage sukari don su sauka ƙasa da giram 5. Illar matakai ita ce kowa yana tsayawa dab da iyaka, ba ya ƙara sauka. Afirka ta Kudu ta kauce wa wannan a 2018: ta yafe giram 4 na farko a kowane mililita 100, sannan kowane giram da ya ɗoru a kai ana biyan kuɗinsa.

Haraji kaɗan ba ya kawo canji mai yawa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ya ɗaga farashin sayarwa da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. A kuma rubuta cikin dokar cewa za a riƙa ƙara shi gwargwadon hauhawar farashi kowace shekara, in ba haka ba tsadar kaya za ta cinye shi.

A karɓi kuɗin a bakin masana'anta da tashar shigo da kaya, ba a hannun 'yan kanti ba. Masu biya sun fi ƙaranci, binciken lissafinsu ya fi sauƙi. Dole ma'anar "abin sha" ta haɗa da garin lemu da ruwan sukari mai kauri da ake sirkawa, a lissafa su bisa yawan abin da suke bayarwa bayan an dama. In aka bar su a waje, can masu saye za su koma.