Darasi na 7: Yada Zango da Doki a Hanyar Daji da Wuraren Tarihi

Mai tafiya da doki yakan fara duba abin da dokin yake bukata kafin ya nemi inda zai shimfiɗa bargonsa. Ruwa, ciyawa, wurin ɗauri, da ƙasar da za ta jure kofato, su ne ke nuna inda za a kwana. Idan hanya ta bi ta kufai ko gefen tsohuwar ganuwa, akwai ƙarin nauyi a wuyan matafiyi, domin abin da kofato ya rushe a dare ɗaya ba ya gyaruwa.

Kafin a ɗaura sirdi

A fara da neman izini. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila akwai hanyoyin da doka ta yarda a bi a kan doki, akwai kuma na masu tafiya a ƙafa kawai. A Amurka, dazuzzukan gwamnati da yawa ba sa yarda a shiga da ciyawar dabba sai wadda aka tabbatar ba ta ɗauke da ƙwayoyin irin muguwar ciyawa. Ka tambayi mai fili ko hukumar da ke kula da wurin abu uku: an yarda da doki, an yarda da kwana, an yarda da hura wuta?

Dokin da ya daɗe a barga ba a fita da shi tafiyar kwanaki kai tsaye. Ana horar da shi kamar makonni shida, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. A gyara masa kofato mako ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, don sabon yanka yakan sa ƙafa ta yi taushi a kan tsakuwa. A kuma tabbata an yi masa allurar rigakafin tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora, domin tsofaffin wurare ba sa rasa ƙusa da guntun waya a cikin ƙasa.

Lissafin kaya

Mu ɗauki doki mai nauyin kilo 400. Nauyin da ya kamata ya ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ba, wato kilo 80, kuma a cikin lissafin nan har da mahayi da sirdi. Busasshiyar ciyawa da zai ci a rana kusan kashi 2 cikin 100 ce na nauyinsa, wato kilo 8. Ruwa kuma lita 25 zuwa 40, ya kan wuce haka idan ana zafi kuma ya yi gumi.

Yanzu a ce dawaki biyu ne, tafiyar kwana uku. Ciyawa kilo 48 ke nan, ruwa kuma zai iya kai wa lita 240. Babu mangalar da za ta ɗauki wannan ruwa. Shi ya sa ake tsara zango bisa inda ruwa yake, ko a aika mota ta kai ruwa da ciyawa tun kafin a isa. Idan an ɗora kaya, a auna ɓangarorin biyu su yi daidai. Ko kilo ɗaya ne ya rinjaya, sirdi zai karkace, ya yi ta gugar baya har ya yi miki.

Kada a canza wa doki abinci a hanya. Cikinsa yana bukatar kwana 7 zuwa 10 kafin ya saba da sabon abu, kuma doki ba ya iya amai, abin da ya shiga sai dai ya bi ta gaba. Don haka a tafi da irin abin da ya saba ci a gida.

Ɗaurin dare

Yawancin matsalolin zango da dare suke faruwa, kuma igiya ce sanadi. A isa wuri da sauran rana, aƙalla awa biyu kafin duhu, a zagaya filin a ƙafa ana duba rami, gidan tururuwa, busasshen reshe a sama, da shukar da ba a sani ba. Wurin ɗauri ya zama busasshe mai tauri, nesa da rafi ko tafki da kamar mita 60, wato taku 70 na babban mutum. Haka ma nisansa da hanyar da mutane ke bi.

Ba a ɗaure doki da linzami. Idan ya firgita ya fizga, ƙarfen zai yanke masa harshe. Da ragama ake ɗauri, da ƙullin da ja ɗaya zai warware shi. Ba a kuma kwana da doki a jikin itace. Zai ci ɓawon, ya tone saiwa da ƙafa, itacen ya mutu bayan an tafi.

Hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce igiyar sama. A samu itatuwa biyu masu ƙarfi, a naɗa wa kowanne faffaɗan ɗamara mai faɗin santimita 5 ko fiye don kada igiya ta ci ɓawo. Tsohon majayi yana yin wannan aiki sosai. A ja igiya mai kauri tsakaninsu, sama da kan doki, kamar mita 2 daga ƙasa, a ɗame ta tam. A jikinta ake ɗaura igiyar ragamar kowane doki, a bar mita 3 tsakanin doki da doki, a kuma nisanta su daga gindin itacen. Tsawon igiyar ragama shi ne abin lura: ta isa hancin doki ya taɓa ƙasa a daidai ƙarƙashin ƙullin, kada ta wuce haka. Idan ta yi tsawo, zai ɗaga ƙafar baya don ya sosa kunne, ƙafar ta haye igiya, ya yi ta fizga har igiyar ta ƙona fatar da ke sama da kofato. Irin wannan rauni yakan ɗauki makonni bai warke ba. Idan kuma ta gajarta, ba zai iya kwanciya ba. Doki yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai a kwance. Igiyar sama takan saki cikin dare, a sake ɗame ta kafin a shiga tanti, a kuma kwana da wuƙa kusa da hannu.

Dabaibayi yana da amfani idan ana so doki ya yi kiwo da yamma, amma a koya masa tun a gida, a kan ƙasa mai laushi. Kada a saki jiki da shi: dawaki da yawa suna koyon tsalle da dabaibayi su yi nisa, kuma hanyar da suka fito suke nufa. Kullum a bar doki ɗaya a ɗaure. A ba su busasshiyar ciyawa kafin a sake su, domin mayunwacin doki yana cin shukar da zai ƙi in ya ƙoshi. Ingarma da goɗiya a raba musu wuri.

Idan zango na kusa da wurin tarihi

Abin da ido ke gani a kufai kaɗan ne, sauran yana ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci bai fi taƙi ɗaya zurfi ba. Saboda haka ba a kafa turke a can, ba a haƙa ramin wuta ko na shara. Tudun tsohuwar ganuwa da ramin da ke gefenta ba wurin hawa ba ne, musamman bayan ruwan sama. Kofato yana yanka ciyawar da ke riƙe ƙasa, ruwa ya bi sawun, a hankali ya zama kwazazzabo. Tsohon bango kuma ba a ɗaura masa igiya, doki yana iya ture dutse da gugar ƙugu kawai.

A sauka nesa, a bar mutum ɗaya da dawaki, sauran su shiga a ƙafa. Tsofaffin rijiyoyi da ramuka sukan ɓuya a cikin doguwar ciyawa, doki kuma ba ya ganin abin da ke daidai ƙarƙashin hancinsa. Tsingaro, dutsen niƙa ko guntun ƙarfe da aka gani a bar shi inda yake, a sanar da masu kula da wurin. Masu bincike suna gane shekarun abu ne daga wurin da aka same shi.

Duba doki da yamma

Kilomita ɗaya ta ƙarshe a yi ta a hankali, in da hali a sauka a sassauta majayi a ja shi. Bayan an cire sirdi, ka bi bayansa da tafin hannu kana neman wuri mai zafi ko kumburi. Ka ɗaga kofato huɗu ɗaya bayan ɗaya ka fitar da tsakuwa. Ka ba shi ruwa a bokiti, ya fi a kai shi bakin rafi ya farfasa gaɓa. Wani dokin yakan ƙi baƙon ruwa saboda wari, sai a gauraya da ɗan wanda aka taho da shi. A zuba gishiri kamar giram 30 zuwa 50 a abincinsa don mayar da wanda ya fita a gumi. Hatsi kuma sai jikinsa ya huce, bayan kamar awa ɗaya.

Ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi ka ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Dokin da ya huta yana tsakanin 28 da 44 a minti. Idan an yi rabin awa da tsayawa bugun bai sauko ƙasa da 60 ba, an wahalar da shi, gobe a rage tafiya. Zafin jikinsa na lafiya digiri 37.5 ne zuwa 38.5. Ka danna dasashinsa da yatsa: launin ya dawo kafin daƙiƙa biyu. In ya jinkirta, jikinsa na neman ruwa.

Idan doki yana tonon ƙasa, yana waiwayar cikinsa, yana kwanciya yana tashi, kuma ya ƙi ci, ciwon ciki ne. A ɗauke abinci, a zagaya da shi a hankali, a kira likitan dabbobi nan take. Kada a yi masa ɗure, maganin na iya bi ta huhu. Lambar likitan a rubuta ta a takarda, don waya tana mutuwa a daji.

Da safe kafin a tashi, a kwashe ragowar ciyawa, a cike inda aka tone da ƙafa, a kashe wuta da ruwa har toka ta yi sanyi a hannu. Kashin doki a warwatsa shi nesa da ruwa, ko a kwashe shi gaba ɗaya idan dokar wurin ta ce haka.