Yadda ake kafa al'adar kiyaye haɗari a masana'anta tun kafin wani ya ji ciwo

A masana'antun da ke kewayen Zariya, daga Chikaji zuwa Dakace, gidan gurzar auduga ne ko na matsar mai, abin da aka fi sabawa da shi ɗaya ne: sai inji ya cinye yatsan wani sannan a fito da safar hannu daga sito, a yi mako guda ana tsawa, daga nan a koma gidan jiya. Ga yadda manaja ko mai kamfani zai sauya wannan.

Ka fara da kanka. In ka shiga ɗakin inji ba hular kwano, babu leburan da zai sa tasa. Ka tara ma'aikata ka faɗa da bakinka cewa duk wanda ya ga haɗari yana da ikon tsayar da inji, kuma ba za a yanke masa ko sisi ba. Ranar da wani ya gwada, kaya na jiran lodi, direba na ta danna ham, a ranar ce kowa zai san ko da gaske kake.

Sai ka zagaya wurin tare da masu aikin, don su suka san bel ɗin da ba shi da murfi da wayar da ta ɓare. Abin da za a iya kawarwa, a kawar. Wanda ba ya kawaruwa, a yi masa shinge. Kayan kariya su ne na ƙarshe: takunkumi saboda ƙurar auduga, da abin toshe kunne inda ƙara ta kai desibel 85. Alamarta, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. A kula da sutura kuma, domin hannun riga mai faɗi ko gefen hijabi ba sa haɗa hanya da ƙarfe mai juyawa. A ɗinka wa kowa kayan aiki masu mutunci waɗanda ba sa lilo.

Mataki na uku shi ne zuciyar lamarin: a riƙa rubuta duk wani “saura ƙiris”. Buhu ya faɗo daga sama bai sami kowa ba, wani ya zame a kan mai amma ya dafe bango. Yawanci sai a ce Allah ya kiyaye, a wuce. Lalle Allah ne ya kiyaye, amma man yana nan a ƙasa yana jiran na gaba. Ka ajiye littafi a bakin ƙofa, wanda ba ya rubutu ya faɗa wa wakilin sashensa. Kada a tambayi wa ya yi, a tambayi me ya jawo. Da zarar ka hukunta mai kawo rahoto, ka rufe bakin kowa ke nan. Kuma a gyara da wuri, a sanar cewa an gyara, in ba haka ba mutane za su gaji da faɗa. Za ka ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kada ka yi musu da imanin mutum, ka dai tuna masa hadisin nan da aka ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Na huɗu, kwaɗo. An ɗauke wuta, makanike ya zura hannu yana cire abin da ya toshe inji, sai aka tayar da janareto. Haka hannuwa ke tafiya. Kowane mai gyara ya kashe babban makunni, ya garƙama masa kwaɗonsa, ɗan makullin na aljihunsa har ya gama. Ƙofofin fita kuwa akasin haka ne: kada a kulle su don tsoron sata muddin akwai mutane a ciki. A 2002 gobara ta hallaka ma'aikata da dama a wata masana'antar roba a Ikorodu, kuma rahotanni sun nuna ƙofofi a kulle suke.

Kowace safiya a yi minti biyar ana magana a kan haɗari ɗaya, da Hausa, har da 'yan dako da masu aikin yini, waɗanda su aka fi mantawa alhali su suka fi kusa da haɗarin. In azumi ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, a mayar da aiki mai nauyi zuwa sanyin safiya.

Sauran kuma takardu ne. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, kuma sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na da ikon shigowa su duba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, in wani ya ji rauni a kai rahoto cikin kwana 7. Ka tanadi akwatin taimakon gaggawa da mutum biyu da suka iya amfani da shi a kowane rukunin aiki, da motar da za ta kai mai rauni asibitin Shika ko wanda ya fi kusa, ko da tsakar dare ne.