Yadda za ka haɗa madubin da ya karanta saƙon ƙarƙashin teku

Na daɗe ina koyar da darasin lantarki, kuma duk shekara idan na zo kan wayar tangarahu ta farko da ta ratsa tekun Atilantika sai in ga idanun ɗalibai sun yi nauyi. Shekaru ne kawai da sunayen Turawa. Ranar da na rufe tagogi na sa ɗigon haske ya yi rawa a bango, ranar suka fara tambaya da kansu. Na'urar da ke yin haka, ɗan madubi mai nuna raunannen lantarki, ta William Thomson ce, wanda daga baya aka san shi da Lord Kelvin, ya yi mata rajista a 1858, kuma za ka iya haɗa irinta a yini guda.

Ka fara sanin damuwar da ta haife ta. A ranar 5 ga Agusta 1858 jiragen ruwa biyu, Agamemnon na Ingila da Niagara na Amurka, suka gama shimfiɗa waya daga tsibirin Valentia na ƙasar Ayilan zuwa Trinity Bay a tsibirin Newfoundland da ke Kanada a yau. Cikinta silin jan ƙarfe bakwai ne a murɗe, an lulluɓe su da gata-faca, wani ƙaron itace da ake samowa daga yankin Malaya, sannan aka naɗe da igiya mai kwalta da wayoyin baƙin ƙarfe. Waya mai wannan tsawo a cikin ruwan gishiri ba ta miƙa lantarki nan take. Sai ta sha ta ƙoshi tukuna, kamar doguwar mesa da aka buɗe wa famfo, sannan abin da ya rage ya tsiyaya a ɗaya bakin, ga rauni ga jinkiri. Thomson ya lissafa cewa in ka ninka tsawon sau biyu, jinkirin zai ninka sau huɗu. Saƙon Sarauniya Victoria ta Ingila zuwa ga Shugaba James Buchanan na Amurka, kalmomi 98 kacal, ya ci kusan awa 16.

Abin da za ka tanada: siririyar wayar jan ƙarfe mai fenti irin ta cikin tsohuwar tiransifoma, bututun kwali mai faɗin santimita 4, ɓallin madubi da bai wuce farce ba, allura, maganaɗisu, gam, batir mai bolt 1.5, rezisto (abin da ke rage gudun lantarki) mai om 10,000, da ƙaramar tocilar leza.

Ka huda ƙaramin rami a saman bututun, a tsakiya. Ka naɗa wayar sau 150 a dama da ramin, ka tsallake shi, ka ci gaba sau 150 a hagu, duk ta fuska ɗaya. Kada ka juya hannu a tsakiya, in ka yi haka rabi zai kashe aikin rabi. Ka kankare fentin bakunan biyu har jan ƙarfen ya yi ƙyalli.

Yanzu allurar. Ka goga ta da maganaɗisu sau da yawa, daga kai zuwa tsini, ko da yaushe ta hanya ɗaya. Ka gutsure ta daidai faɗin madubin, ka manna ta a bayansa a kwance. Sirrin duka yana cikin rashin nauyi. Na Thomson ƙanana ne ƙwarai, yankakkun ƙarfen agogo a bayan ɗan madubi, shi ya sa ɗan lantarki kaɗan ke juya su.

Wurin rataya shi ne ya fi ba ni wahala, don haka bari in daɗe a kansa. Karon farko na yi amfani da zaren ɗinki. Ashe murɗaɗɗe ne, da nauyi ya hau kansa sai ya shiga warwarewa, madubin ya yi ta juyawa a hankali har gari ya waye bai tsaya ba. Ka nemi sili ɗaya na siliki kamar yadda Thomson ya yi, in babu, dogon gashin kai guda ɗaya ya wadatar. Ka manna bakinsa a saman madubin, ka zaro ɗaya bakin ta ramin, ka ɗaure a tsinke, madubin yana lilo a tsakiyar bututu bai taɓa ko'ina ba. Ka bar shi ya natsu. Allurar za ta nuna kudu da arewa, fuskar madubin kuwa ta kalli gabas ko yamma. Ka juya bututun har bakinsa ya yi daidai da fuskar. Teburin ya zama na katako, nesa da ƙarfe da wayar salula, kuma ka rufe bakin bututun da farar leda wadda haske ke ratsawa, don numfashin mai leƙe ma yana kaɗa shi.

Ka kafa tocilar ta haska madubin ta yadda hasken zai dawo kan farar takarda a bango, tazarar mita 2. Ka gargaɗi kowa kada leza ta shiga ido. Ka ja layi inda ɗigon ya tsaya. Sannan ka haɗa batir da naɗin wayar, rezisto a tsakaninsu. Ɗigon zai zabura gefe guda, kusan tsawon tafin hannu. Ka juya kan batirin, zai zabura ɗaya gefen. Madubin da kansa da ƙyar za ka ga ya motsa, hasken ne ke zama masa doguwar allura marar nauyi.

Haka ma'aikatan tashar ke karatu: a haruffan Morse, da ake rubuta kowane harafi da ɗigo da layi, motsi gefe ɗaya ɗigo ne, ɗaya gefen layi, mutum ɗaya na zaune cikin duhu yana faɗa, wani na rubutawa. Ka sa yara biyu a ƙarshen doguwar waya a wani ɗaki su aiko da sunansu da haruffan Morse. Sai ka ga sun yi tsit.

Nan nake ba su labarin Wildman Whitehouse, likitan da ke riƙe da sashen lantarki na kamfanin da ya shimfiɗa wayar. Da saƙo ya yi rauni, sai ya ɗura wa wayar kusan bolt 2,000. Dama rufinta ba shi da inganci, cikin kusan mako uku ta yi shiru har abada. Abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna wahalar matuƙan da suka shimfiɗa ta. Sai 1866 katafaren jirgi Great Eastern ya kai sabuwa Heart's Content a Newfoundland ranar 27 ga Yuli, ya koma tsakiyar teku ya ƙugiyo wadda ta tsinke masa a 1865, aka ƙarasa ta.

Gwajin ƙarshe shi na fi so. A 1866 ɗin injiniya Latimer Clark ya sa aka haɗa bakunan wayoyin biyu a Newfoundland, ya yi batir da hular yatsa ta azurfa irin ta masu ɗinki, da ɗan asid da ɓallin tutiya, saƙo ya haye teku ya dawo, madubi ya karanta shi. Kai ma ka cire batir da rezisto. Ka zuba ruwan gishiri a murfin kwalba, ka tsoma guntun jan ƙarfe a gefe ɗaya, ƙusa mai rufin tutiya a ɗaya gefen, kada su taɓa juna, ka haɗa su da bakunan wayar. Ka kashe fitila, ka ce kowa ya dubi layin da ka ja a takarda.