Yadda Za Ka Yi Shekara Biyu A Mishan Ɗin Mormon A Ƙasar Waje Ba Tare Da Ka Gudo Gida Ba

Ƙanina, tunda takardar kiranka ta fito, zauna in gaya maka abin da ni ba wanda ya gaya min lokacin da na bar Jos zuwa Kumasi. Ga wanda ya faɗo nan bai san kan zancen ba, ina magana ne kan samarin nan masu farar riga da nektai da baƙin baji a ƙirji da ake gani bibbiyu a titi, 'yan Cocin Yesu Kristi na Waliyyan Kwanakin Ƙarshe, da mutane suka fi sani da Mormon. Tun 2018 shugabannin cocin suka ce a daina wannan laƙabin amma a titi shi za ka ji, kar ka tsaya gyara wa kowa baki.

Namiji daga shekara 18 zai iya tafiya, ya yi shekara biyu cur, mace kuma wata 18. Ba kai za ka zaɓi ƙasa ba, daga hedikwatar cocin da ke Salt Lake City a Amurka ake yanke maka. Kuma ba albashi fa, sai ma kai da iyayenka ne za ku sa abin da za ku iya, 'yan Amurka akwai adadin da aka yanke musu suna zubawa duk wata, mu nan da bishop ɗinka, wato shugaban majami'arku, za ku zauna ku duba ƙarfinka.

Kafin ka shiga mota, koyi wanki da hannu, koyi guga, koyi girki ko kala uku ne. Farar riga a jar ƙasa ba wasa ba ce, wuyanta kaɗai zai ci maka sabulu. Takalmi kuwa kar ka sayi na gayu, sayi mai kaurin ƙasa ƙafa biyu, ka fara taka su tun a gida su saba da ƙafarka. Sannan ka yi sallama da mai shayin layinku tun yanzu. Ka san dokarmu, ba shayi ba kofi ba giya ba taba, amma a gida ana ɗan kau da kai, can kuwa ba wannan. Milo ne zai zama abokinka.

Za a fara kai ka cibiyar horo, MTC, ta yankinmu tana Accra. In da Turanci za ka yi aiki kamar sati uku ne, masu koyon sabon yare irin Faransanci su kan daɗe fiye da haka. Ci ka ƙoshi a can, don da ka fita kai da tukunyarka ne. Daga ranar sunanka na yanka ya tafi hutu, kai ne Elda wane, da sunan mahaifi.

Tsarin yini ba shi da wuyar ganewa, wuyar bi ce da shi. Ƙarfe 6:30 ka tashi, addu'a, motsa jiki, wanka, karin kumallo, karatun nassi kai kaɗai, sannan ku zauna da abokin aikinka ku tsara waɗanda za ku gani. Daga nan titi, sai dare, 10:30 a kashe fitila. Shugaban mishan yakan iya matsa lokutan daidai da yanayin gari. Ba talabijin, ba kallon ƙwallo, ba budurwa, ba iyo a ruwa. Ni na yi shekara biyu sai dai in ji ihu daga gidan kallo in gane an ci.

Toh yanzu ga ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Kowa tsoron korar da za a yi masa a ƙofar gida yake, amma wannan sati biyu ka saba. Abin da ke karya mutum shi ne abokin aiki. Dokar ita ce ku kasance inda za ku ga juna ku ji juna, dare da rana, in ba banɗaki ba. Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, hanya ɗaya, da mutumin da ba ka zaɓa ba, wataƙila daga jihar Utah ta Amurka, wataƙila daga Kwango ko Saliyo. Nawa na biyu Bature ne, yaron kirki, amma in ya sayi biredi sai ya rubuta sunansa a jikin leda da biro. Ni da na taso a gidan da ko baƙo ya shigo ana ci sai an ce bismilla, abin ya tsaya min a wuya, na yi kwana huɗu ba na ce masa komai sai abin da ya shafi aiki, muna tafe a rana kamar kishiyoyi muna zuwa gidajen mutane muna koyar da ƙauna. Ashe shi kuma yana can yana jin haushin ina ɗaukar silifas ɗinsa ba tambaya. Da muka yi magana a zaman da ake yi duk sati na duba tsakaninku, cikin minti goma aka gama, har da dariya.

Don haka ranar farko da aka haɗa ku, tun kafin ka kwance jaka, ku yi maganar kuɗin abinci, haɗawa za a yi ko kowa tasa ta fisshe shi, wa zai ɗebo ruwa, wa zai wanke kwano, fanka a kunne za ta kwana ko a kashe. In abu ya dame ka faɗa masa a ranar, a cikin ɗaki, ba gaban 'yan coci ba. Kar ka riƙa kai ƙara wajen shugaban mishan kan kowane ƙaramin abu, sai in ya shafi lafiya ko babbar doka. In kuma jininku ya ƙi haɗuwa gaba ɗaya, ka tuna duk sati shida ake yin taransifa, wato sauya wa wasu wuri ko abokin aiki, ba aure aka ɗaura muku ba.

Maganar yare, ko an ce maka Turanci ya isa, koyi gaisuwar garin. A Kumasi in ka gaida tsohuwa da Tuwi, ko a karkace ne, kujera za ta ba ka. Kuma Hausarka jari ce a Ghana, shiga zango ka ji. Mai koko da ƙosai, mai waakye wanda shinkafa da wake ce tamu, mai tuwon zafi, ka ce mata sannu da aiki hajiya ka ga yadda ludayi zai ƙara nauyi. Amma ka san iyakarka, yawancin mutanen zango Musulmi ne, ka gaisa ka ci ka biya ka yi godiya, ba wajen buɗe Littafin Mormon ba ne. In wani da kansa ya nemi ku koya masa, ka fara tambayar shugaban mishan.

Tambayoyi biyu kuwa sai an yi maka, gara ka shirya. Ta farko auren mata da yawa, amsarta ita ce an yi a da, cocin ya hana tun 1890. Ta biyu ta fi zafi, musamman gare ka baƙar fata: me ya sa sai a Yunin 1978 aka yarda baƙaƙe su riƙe matsayin firist. Kar ka yi kwana-kwana, ka ce haka ne an yi, kuma kar ka ƙirƙiro dalili daga kanka. Dattawan Ghana kuma za su iya tuna maka cewa gwamnatin Rawlings ta taɓa rufe cocin daga 1989 zuwa 1990, ka saurara kawai, wasunsu su ne suka yi ta ibada a cikin ɗakunansu a lokacin.

Lafiya: ƙwayar rigakafin maleriya da aka ba ka, sha kullum bayan ka ci abinci da ruwa mai yawa, kar ka ce ai ni ɗan Najeriya ne sauro ya san ni. Na faɗi haka, na kwanta sati guda. Gidan sauro ka ɗaura, ruwa ka tace. Kuɗin wata da ya shigo ka raba shi huɗu ka ware na trotro, wato motar haya, gefe, in ba haka ba satin ƙarshe gari da suga ne.

Ranar shiri, galibi Litinin, ita ce ta wanki da kasuwa da aski da kiran gida, zuwa 6 na yamma ka koma aiki. Kun ji daɗi ku, kafin Fabrairun 2019 sau biyu a shekara ake kira, Kirsimeti da ranar iyaye mata. Amma ka yi hankali, kiran nan na iya ƙara maka kewa, musamman wata ukun farko. Ka roƙi Mama tun yanzu ta daina ba ka labarin wa ya yi aure wa ya samu admishan, kai ma kar ka kira ta kana kuka ranar da kuka yi faɗa kan biredi, ita ba za ta yi barci ba kai kuwa zuwa Talata kun shirya. In baƙin cikin ya wuce na kewa, ba ka ci ba ka barci sati ya zagayo, wannan kam ka faɗa wa shugaban mishan ko matarsa, akwai masu ba da shawara da aka tanada don haka, kuma ba a ɗaukarsa a matsayin rashin bangaskiya.

Sai ka sa yaji da daddawa da busasshiyar kuka a jakarka, ka ƙulle su a leda biyu kar su shafi farar riga.