Yadda ake duba bututun bindigar da ba ka sani ba kafin ka harba

Duk bindigar da ta shigo hannunka, ta aro ce, ta gado ce, ko sayenta ka yi a hannun wani, ka ɗauka akwai abu a bututunta har sai idonka ya gani. Sau da yawa na ga sabon shiga ya karɓa, mai ita ya ce "lafiyarta ƙalau", shi ke nan ya ɗura harsashi. Ai mai ita ma bai leƙa ba.

Fara da juya bakinta inda babu kowa, yatsanka nesa da kunama. Cire gidan harsashi tukuna, sannan ka buɗe ta ka fitar da wanda ke ciki. Idan ka buɗe kafin ka cire gidan, wani harsashin zai iya hawa ba ka sani ba.

To, a wajen leƙawa ne ake yin kuskuren da ke cin yatsu. Daga gindi, wato ƙarshen da ake saka harsashi, ake leƙa bututu. Bindigar da ake karyawa gida biyu a ɗura ta ba ta da wahala, ka karya ta ka ɗaga wajen haske. Mai sakata kuwa, wato ƙarfen da ake ja baya a ɗura harsashi, zare sakatar gaba ɗaya. Ganin ɗan haske bai isa ba, dole ka ga cikakken da'ira, tas, daga farko har ƙarshe. Zanzaro yakan gina gidan laka a bututun da aka daɗe da jinginewa, ya bar gefe a buɗe. Tsumman goge-goge, daskararren maiƙo, ƙasar da ta shiga lokacin da baki ya taɓa ƙasa, duk suna iya barin haske ya ratsa, kuma kowannensu ya isa ya kumbura ƙarfe ko ya tsaga shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne harsashin geji 20 da aka jefa a bindigar geji 12 (geji ma'aunin faɗin bututu ne, na 20 ya fi na 12 sirantaka). Yakan zarce ciki ya maƙale, ya bar wurin da na 12 zai zauna daram a bayansa. Shi ya sa ban yarda kowa ya haɗa su a aljihu ɗaya ba.

In ba ta leƙuwa ta baya, zura sandar gogewa ta baki, tana buɗe babu harsashi, har kan sandar ya bayyana a gindi. Ƙaramar tocila ta haska bututu da sandar nan, kada ka yi ƙyashin sayensu.

Shafa jikin bututun ta waje da hannu. In ka ji kumburi, kai ta wajen mai gyara.

In ka fara harbi ka ji ƙarar ta yi rauni, ko ba ta naushi kafaɗarka kamar da ba, tsaya cak. Wataƙila harsashi ya tsaya a hanya. Kada ka sake harbi don ka turo shi. Sauke komai, ka sake leƙawa daga gindi.