Yadda Ake Yi wa Motsin Hannu Alama a Bidiyo da ELAN

Da farko ka sauke manhajar ELAN, wadda ake amfani da ita wajen yi wa bidiyo da sauti alama. Kyauta ce, cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan ce ta samar da ita. Ka buɗe sabon aiki, ka zaɓi bidiyon, ka adana fayil ɗin .eaf, wato fayil ɗin da ELAN ke ajiye alamominka a ciki, a wuri ɗaya da bidiyon, don kada manhajar ta yi ta neman bidiyon daga baya.

Sai ka ware layuka uku da za ka riƙa sa alamomin a kansu: hannun dama, hannun hagu, da abin da na'urar da mutumin ke sarrafawa da hannu ta yi bayan motsin.

Yanzu aka zo gun aikin. Ka rage gudun bidiyon zuwa rabi, ka raba kowane motsi gida uku: ɗagowa, bugun da ke ɗauke da ma'ana, da komawa. A ce mutum yana so ya ture hoto gefe a kan allo. Hannunsa ya tashi daga cinya, ya ɗan tsaya a iska yatsu a miƙe, sannan ya share zuwa hagu. Sharewar nan kaɗai ce bugun, kada ka haɗa ta da tsayawar. Idan bidiyon hoto 25 yake ɗauka a daƙiƙa, kowane hoto milisakan 40 ne, don haka ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka ga daidai inda hannun ya fara tafiya. Gaggawa a nan ita ke ɓata lissafi.

Suna ɗaya ga motsi ɗaya, tun daga farko har ƙarshe.

Ka ba wani ya yi wa ɓangare na bidiyon alama ba tare da ya ga naka ba, ku gwada. Inda kuka saɓa, ku gyara ƙa'idar da kuke bi wajen yin alamar, sannan ka fitar da bayanan zuwa Excel.