Yadda ake neman tallafin karatu a fannin gandun daji da kare muhalli

Da yawa daga cikin masu karatun gandun daji a jami'o'inmu ba shi suka cike ba. Likitanci suka nema ko haɗa magunguna, maki ya gaza, aka turo su nan. Sai ka ga yaro ya shekara biyar yana noƙewa in an tambaye shi me yake karanta, abokai na tsokanarsa da "malamin daji". Alhali fannin na cikin waɗanda masu ba da tallafi na duniya ke zuba wa kuɗi, saboda sauyin yanayi da kwararowar hamada. Kuɗin suna nan, hanyar kai wa gare su ce ba a koya mana a aji.

Mataki na farko: ka san irin tallafin da ya dace da matsayinka

Iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai na karatu, wanda ke biyan kuɗin makaranta da na ci da na jirgi. Akwai na bincike, wanda ba ruwansa da kuɗin makarantarka, aikin da za ka yi a daji yake biya.

In ka gama digirin farko kana son digiri na biyu, fara dubawa daga gida. A dajin Amurum kusa da Laminga, bayan garin Jos, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke ba da digiri na biyu a kimiyyar kare halittu tare da Jami'ar Jos, gidauniyar Leventis kuma na ɗaukar nauyin ɗalibanta. Akwai shirin WASCAL da Jamus ke tallafa wa, mai cibiyoyi a Minna da Akure da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. A waje, Erasmus Mundus na Tarayyar Turai na da kwasa-kwasan gandun daji da ɗalibi ke yi a ƙasashe biyu ko fiye, yana karɓar Yuro 1,400 duk wata. DAAD ta Jamus na tura mutane karatun dazuzzukan ƙasashe masu zafi a Dresden da Göttingen, sai dai tana son wanda ya yi aiki aƙalla shekara 2 bayan digiri. Chevening ta Birtaniya ma haka take son gogewar aiki, kuma sharaɗinta ne ka dawo gida ka yi shekara 2.

A ɓangaren bincike, gidauniyar Rufford ita ce ƙofar da matasa da yawa suka fara shiga. Shirin CLP na ƙungiyoyin kare halittu na BirdLife da Fauna & Flora da WCS yana ba da har Dala 15,000, amma ga ƙungiyar mutum 3 ko fiye, ba mutum ɗaya ba. Mai digirin digirgir a jami'ar Nijeriya ya dubi tallafin Cif S. L. Edu na NCF, gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya. 'Yan'uwanmu na Ghana da Kamaru suna da damar ƙungiyar katako ta ITTO da ke Yokohama a Japan, wadda ke ba 'yan ƙasashen da ke cikinta har Dala 10,000.

Zaɓi uku ko huɗu da ka cika sharuɗɗansu. Wanda ya ce shekara 2 na aiki, kai kuwa jiya ka cire kakin bautar ƙasa, bar shi sai baɗi ko baɗin baɗaɗa.

Mataki na biyu: takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo, shaidar digiri, da tiranskirif, wato takardar da ke nuna makin kowane kwas. Wannan ta ƙarshen ita ce mai kayar da mutane. Ni kaina na taɓa zaryar wata guda a wani ofishin jarrabawa, yau a ce babu wuta, gobe a ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya, har ranar rufewa ta wuce ina kallo. Nemi taka tun kana bautar ƙasa, ka ɗauki hotonta mai kyau da na'ura, ka adana a imel. Wasu jami'o'in na karɓar wasiƙar da ke nuna da Turanci aka koyar da kai, wasu kuwa sai jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL. Karanta shafinsu da idonka, kada ka dogara da abin da aka turo a WhatsApp.

Mataki na uku: ka sa ƙafa a daji

Masu tantancewa suna bambance wanda ya san bishiya a littafi da wanda ƙaya ta taɓa soka. Lokacin koyon aiki, nemi wurin da za a fita da kai: Yankari, Gashaka-Gumti, dausayin Haɗeja da Nguru, ko gidan renon dashe na ma'aikatar muhalli ta jiharku. Bi malami mai bincike ka riƙe masa igiyar awo ko da kyauta ne. Koyi QGIS, manhajar zana taswira, da R, ta nazarin alƙaluma, duka kyauta ake saukar da su. Kuma ka riƙa rubuta abin da ka yi da adadi: fili nawa ka auna, dashe nawa ka rena, manoma nawa ka zanta da su.

Mataki na huɗu: wasiƙar neman

Nan ne ake ci, nan ne ake faɗuwa. Kusan duk wasiƙar da aka kawo mini in duba, da magana ɗaya take farawa: tun ina yaro nake ƙaunar bishiyoyi, sauyin yanayi babbar barazana ce ga duniya. Baturen da ke karantawa ya ga irinta ɗari kafin azahar.

Wata ɗaliba ta kawo mini irin wannan. Na ajiye takardar na tambaye ta sana'ar gidansu. Ta ce, "Malam, daddawa Inna take yi." Na ce kalwar fa, daga ina? Sai bakinta ya buɗe. Da can a gonakin bayan gari suke samu, yanzu sai an sayo daga kasuwa mai nisa, don ɗorawar garinsu duk tsofaffi ne, babu 'yan ƙanana masu tasowa, awaki da garma sun hana. Na ce mata ai wasiƙarki ke nan, kin bar ta a gida kin ɗauko ta wani. Ta sake rubutu, ta fara da tukunyar Inna, ta gangaro kan tambayar me ke hana ɗorawa tasowa a gonaki, ta rufe da kwas biyu a shirin da take nema waɗanda za su koya mata auna hakan.

Ɗan Arewa ko ɗan Nijar yana da abin faɗa da ba kowa ke da shi ba. Ka san gawo na kakkaɓe ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ciyar da dabba. A Maraɗi ne, tun daga 1983, manoma suka koma renon tohon da ke fitowa daga kututture maimakon sare shi, dabarar da yau ake koyarwa a ƙasashe da dama. Ka ga motocin gawayi na shiga birni a jere. Jiharka wataƙila na cikin 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen bishiyoyi don tare hamada, ya ratsa a Nijeriya. Ɗauki matsala ɗaya ƙarama da ka gani da idonka, faɗi abin da ka riga ka yi a kanta, abin da ba ka iya ba tukuna, da inda za ka koma aiki in ka gama. Kada ka yi alkawarin dakatar da hamada, babu mai yarda.

In na bincike ne, kasafin kuɗi ma wasiƙa ne. Rubuta kuɗin mota, na ɗan jagora, na kwana a ƙauye, a farashin gaskiya. Idan wurin da ka zaɓa na fama da matsalar tsaro, faɗi yadda za ka yi, ko ka sauya wuri tun kafin su tambaya.

Mataki na biyar: masu yi maka shaida

Malamin da ya duba maka furojet ya fi farfesan da bai san fuskarka ba. Je ka same shi wata guda kafin lokaci, ka gaishe shi, ka miƙa masa takardar tarihin karatunka da daftarin wasiƙarka. Yawanci imel ake aika masa kai tsaye, saboda haka ka tabbatar adireshin da ya ba ka yana buɗe shi, ka kuma tuna masa cikin ladabi. Rufford mutum 3 take nema.

Mataki na shida: aikawa

Chevening na buɗewa a Agusta ta rufe wajen Oktoba ko farkon Nuwamba. Yawancin na Erasmus tsakanin Oktoba ne da Janairu. Na DAAD kowace jami'a da ranarta. Rubuta ranakun a bango, ka aika saura kwana 3, don netwok ba ya da amana a daren ƙarshe, agogonsu kuma ba lalle ya zo daidai da namu ba.

Duk waɗannan da na ambata kyauta ake neman tallafinsu. Wanda ya ce ka turo kuɗi ya saka sunanka, ɗan damfara ne. In an kira ka ganawa ta bidiyo, cika waya da caji, nemi ɗaki mara hayaniya, ka sake karanta wasiƙarka, don daga cikinta tambayoyin za su fito. In amsa ta zo babu, kada ka goge komai. Buɗe jaka a kwamfuta ka zuba takardun, ka ƙara abin da ka yi a daji cikin shekarar, zagaye na gaba gyara kawai za ka yi.